Mota ta iso Maraɗi da rauni: yadda za ka bi haƙƙinka a wurin dilan da ke nesa

Ƙarfe tara na dare direban ya kira ni, ya ce yana gidan mai na bakin gari, ta hanyar Tibiri, in zo in karɓi mota don yana son ya kama bas ɗin asuba. Wannan tun kafin a rufe gadar Gaya ta iyakar Benin ne. Na je da ɗoki, na zagaya Corollar sau ɗaya da fitilar waya, na ga ja ce kamar yadda take a hoto, na tayar da inji ya amsa. Na sa hannu a wata 'yar takarda da ya miƙo, na ƙara masa na goro, muka yi sallama. Da gari ya waye, yarona ya zo wanke ta, sai na ji yana cewa, "Baba, ƙofar nan ba ta rufuwa daidai." Na fito. Ƙofar baya ta dama ta lotsa daga ƙasa, fentinta ya fi na sauran jiki duhu, ga kuma ɗigon baƙin mai a kan sumuntin tsakar gida. Na kira dilan a Kwatano, ya ce, "Wallahi Alhaji, lafiya lau ta bar hannuna, ka tambayi direba." Na kira direban, ya ce haka aka ba shi ita, kuma ai na duba na sa hannu.

Abin da zan shimfiɗa a nan daga wannan wahalar na koye shi, da kuma motoci uku da na tsaya wa 'yan uwa a kansu daga baya.

Ka fara sanin hannu nawa motar za ta bi

Motar da ka saya daga nesa ba daga hannun dila take faɗowa hannunka ba. Akwai mai ita a parki (filin da ake ajiye motocin sayarwa), akwai ɗan tsakiyar da ya haɗa ku (sau da yawa ɗan garinmu ne mazaunin can), akwai mai fitar da takardun duwan (kwastan), akwai direban da zai tuƙo ta ko mai babbar motar da za a ɗora ta a kai. Kowannensu idan rigima ta tashi zai nuna na gabansa ko na bayansa. Duk aikinka, daga ranar da ka ga hoton farko har ranar da ka karɓi makulli, shi ne ka riƙe shaidar yadda motar take a duk lokacin da ta sauya hannu. Wanda ba shi da wannan, ko da gaskiya tasa ce, rantsuwa kawai zai sha.

Hanya ma ta sauya. Da, daga Kwatano a bi Paraku, Kandi, Malanbil, a tsallako Gaya, a hau Doso, Dogon Dutsi, Kwanni, Madawa, Gidan Rumji, sai Maraɗi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya da yawa suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja kafin su kai Yamai, daga nan kuma a ƙara fiye da kilomita 600 zuwa nan. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce mota tana daɗewa a hanya, tana kwana a wuraren jiran ayari, hannaye da yawa suna taɓa ta. Don haka ka tambaya tun farko ta wace hanya za ta biyo, kuma tuƙo ta za a yi ko ɗoro ta. Amsar tana da amfani a shari'a, zan zo kanta.

Kafin ka tura ko dala

Ba a cinikin biri a sama, amma mu a kan hoto guda biyar na WhatsApp muke tura miliyoyi. Hoton da dila ya zaɓa ya turo ba shaida ba ne, talla ne. Abin da za ka nema shi ne bidiyo guda ɗaya wanda ba a yanke ba, da rana, bayan an wanke motar ta bushe, don jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye tabo. A fara da lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, a faɗi ranar da baki, sannan a zagaya a hankali: kowace ƙofa a buɗe ta a rufe, a ɗaga kafo, a buɗe but a nuna tayar safiya (tayar ajiya) da jak, a ɗaga tabarmar ƙasa, a kunna makulli a nuna fitilun tablo suna kamawa suna mutuwa, a nuna kilomita. A sa wayar a ƙarƙashin mota ma. Idan dila ya ce ba shi da lokacin wannan, to ba shi da lokacin kuɗinka.

Ya fi kyau wanda zai ɗauki bidiyon ya zama naka, ba yaron dila ba. Bakanike a can, wanda kai ne za ka biya shi daga aljihunka, ba wanda ke jiran kamasho idan ciniki ya faɗa. Ɗan tsakiya, komai kirkinsa, cinikin ne abincinsa.

Lambar shasi ka rubuta ta a takarda, ba a waya kaɗai ba. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinsu. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma yana faɗin shekara: 9 na 2009, A na 2010, B na 2011, C na 2012, haka har gaba. Idan an ce maka 2012 ce kuma ka ga A, ka san inda aka fara yi maka ƙari. Motocin Amurka da yawa da ke zuwa gaɓar teku daga gwanjon motocin haɗari irin su Copart da IAAI suke fitowa, a gyara su a can bakin parki a fesa fenti. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa maka kuma farashi ya nuna haka. Ka sa lambar shasin a Google, wani lokaci hotunan gwanjon suna fitowa, ka ga motarka da gabanta a murƙushe. Akwai kuma rahoton Carfax da ake saye, yana nuna haɗari da kilomita na baya. Motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, ba su da irin wannan sauƙin, sai dai littafin gyara idan yana ciki.

Sannan rubutu. Ba sai an je wurin lauya ba, takarda guda ta isa, ko ma saƙo rubutacce wanda dila ya amsa da "na yarda". Abin da ya wajaba ya shiga: cikakken sunan mai sayarwa da hoton katin shaidarsa, irin mota da shekara da lambar shasi, kilomita, lahanin da aka riga aka sani, kayan da ke ciki, farashi, wanda zai biya duwan da hanya, da kuma jimlar da ta fi kowace nauyi, wato a ina za a damƙa maka motar. Idan an rubuta "za a damƙa ta a Maraɗi, lafiya kamar yadda take a bidiyon rana kaza", duk abin da ya same ta a hanya tsakanin dila ne da direbansa. Idan ba a rubuta ba, doka ta fi karkata ga cewa da an gama ciniki an miƙa ta ga mai ɗauka, hatsarin hanya ya dawo wuyanka. Dilan da na yi rigima da shi da wannan ya kafa hujja, kuma ban da abin cewa.

Wani abu ƙarami da ke haddasa babbar gardama: ka rubuta kuɗi da lambobi, da sefa. Mu a nan da dala muke ƙirga, dubu ɗaya a bakinmu sefa 5,000 ne, jaka kuwa 1,000. Saƙon murya mai cewa "zan cika maka ɗari biyu" kowa zai fassara shi yadda ya yi masa daɗi ranar rigima.

Kada ka biya duka. Dila zai ce ba a fitar da mota daga parki sai an cika, kuma da gaskiyarsa a wani ɓangare, amma kusan kullum ana iya barin wani abu, ko da kuɗin hanya ne da kamashon ɗan tsakiya, sai mota ta iso an duba. Ragowar da ke hannunka ta fi duk wani lauya iya sa mutum ya ɗaga waya. Idan babu yarda, a ajiye ta a hannun wani ɗan kasuwa a nan wanda ku duka kuka amince da shi. Abin da ka tura kuma ka tura shi da sunan da ke cikin takardar, ta banki ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, ka adana rasit. Idan aka ce ka tura da sunan "ƙanena", a rubuta a saƙo cewa da umarnin dila ne.

Ranar da za a miƙa ta ga direba, a sake ɗaukar gajeren bidiyo, direban yana tsaye a ciki, a nuna jiki da kilomita da kayan but. Minti biyu ne. Wannan shi ne ke raba laifin parki da laifin hanya.

Ranar karɓa

A nan ake cin shari'a ko a faɗi, kuma a nan ne ɗoki ke rufe wa mutum ido. Kada ka karɓi mota da dare. Idan ta iso bayan magariba, a ajiye ta a wuri mai maigadi, makulli a hannun direba, ka ba shi wurin kwana da abinci. Zai yi ƙorafi, zai ce yana da wata motar da ke jiransa. Kuɗin kwanansa ɗaya bai kai kuɗin fitilar gaba guda ba.

Da safe ka zo da bakanikenka da mai gyaran jiki, da wani dattijo ɗaya wanda maganarsa ke da nauyi. Kafin a wanke ta ka ɗauki hotuna da ƙurarta, don ƙura tana magana: sabon karce yana yanka ƙurar hanya, tsoho kuwa ƙura ta kwanta a kansa. Sannan a wanke, a bari ta bushe, a fara dubawa direba yana tsaye, waya tana ɗauka.

Lambar shasi farko. Ta gilashi, ta jikin ginshiƙin ƙofar direba, da ta takardun duwan, duka su zama ɗaya da wadda ka rubuta. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ka tsaya nan, kada ka karɓa, don wannan zai hana ka kartagiris (takardar rajistar mota), kuma yana iya zama babbar magana.

Sai jiki. Na taɓa tsayawa ina kallon wani tsohon mai bugun mota yana duba Highlander ɗin yayana. Bai ce komai ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu, irin na tsohuwar lasifika, ya naɗe shi a ƙyalle, yana bin jikin motar da shi. A ƙofa ya manne, a gefen gaba ya manne, da ya zo saman tayar baya ta hagu sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, sautin ya fito a toshe kamar an bugi bango. Ya ɗaga robar bakin ƙofa ya nuna mana feshin fenti a kanta. Sai ya ce, "Alhaji, nan mastik ne, kaurinsa ya kai yatsa. Wannan ba aikin hanya ba ne, ya yi wata da watanni." Wannan jimlar ita ta raba gardama, don direban da ke ta zufa ya samu kansa, magana ta koma kan dila. Ka sani dai maganaɗisu ba ya kama roba ko alminiyam, don haka ba a gwada shi a bamba.

Haka za ku bi sauran. Ƙarfen da ya lanƙwashe yana ƙyalli sabo ne, wanda ya yi tsatsa tsoho ne. Kusoshin kafo da na ƙofa idan fentin kansu ya kankare, an taɓa kwance su. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe a duba ko akwai layin ruwa, a ɗaga tabarma a shinshina, a leƙa ramin tayar safiya ko akwai busasshen laka, don motar da ambaliya ta ci tana iya tafiya lafiya wata biyu kafin wayoyinta su fara hauka. A kunna makulli a ga fitilar erbag (jakar iskar da ke kare mutum a haɗari) ta kama sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an cire ƙwan ne don a rufe magana. A hau rami a duba ƙasa: tukunyar mai, ƙafafu, da tukunyar salansa ta tsakiya wadda ake yankewa a sayar saboda abin da ke cikinta, sabon walda a wurin yana tona asiri. A gwada batir da tayoyi da rediyo da abin da ke bidiyo, don musanya a hanya ba baƙon abu ba ne. A sa kwamfutar duba inji. A ƙarshe a yi tafiya da ita har inji ya yi zafi, a kan kwalta da kan gargada, a ji giya tana shiga.

Kilomita ma ka lissafa. Ka cire na ranar tashi daga na yau. Idan ya zarce tsawon hanya da nisa, an yi yawo da ita ko an yi lodin fasinja. Ka tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Duk abin da aka gani a rubuta shi a takardar karɓa kafin ka sa hannu, filla-filla: "ƙofar baya ta dama a lotse, gilashin gaba a tsage ta ƙasa, babu jak." Kada ka rubuta "akwai matsala" kawai. Direba ya sa hannu, shaidu su sa. Idan ya ƙi, a faɗa a bidiyo cewa ya ƙi. Idan ɓarnar babba ce, ka kira wisiye, ma'aikacin shari'ar da ke zuwa ya gani da ido ya rubuta. Takardarsa tana da ƙarfi a gaban alƙali fiye da hotunan waya, kuma akwai su a nan Maraɗi. Za ka biya, amma a kan motar miliyoyi ba asara ba ce.

Shin ka karɓa ko ka ƙi? Idan ba motar da ka saya ba ce, ko lambobi sun saɓa, ko shasi a karye yake, ra'ayina ka ƙi, a ajiye ta a wuri amintacce. Idan rauni ne da ke gyaruwa, ka karɓa da sharaɗi a rubuce. Mayar da mota Lome ko Kwatano bayan an biya duwan abu ne da kusan ba ya yiwuwa, kuma dila ya san haka.

Kwanakin farko

Ranar nan take ka sanar da dila da mai ɗauka, a rubuce. Kira kana iya yi, amma ka bi shi da saƙo. Mu mutanen saƙon murya ne, na sani, sai dai murya mai tsawon minti bakwai cike da "Allah ya isa" ba ta da amfani a gaban kowa. Ka rubuta gajere, da Faransanci idan dilan ba Bahaushe ba ne: mota kaza, lamba kaza, ta iso rana kaza, ga abin da aka samu, ga hotuna, ga kiyasin gyara, ga abin da nake nema, ina jiran amsa zuwa rana kaza. Ka ɗauki hoton duk hirarku tun daga farko ka tura wa wata wayar, don ana goge saƙo.

Lokaci yana da doka. Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso duk suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci guda. A dokarsu ta ɗaukar kaya ta hanya, ɓarnar da ke bayyane sai ka sanar da mai ɗauka a rubuce kafin ranar aiki ta farko bayan karɓa ta wuce, wadda ba ta bayyana ba kuma cikin kwana 7, ban da Lahadi da ranakun hutu. Idan ka yi shiru, ana ɗauka ka karɓi kaya lafiya, sai ka nemo hujjar da za ta rushe wannan. Ƙara kuma cikin shekara ɗaya ake kai ta. Wannan ya shafi motar da aka ɗoro a kan babbar mota ne. Wadda aka tuƙo da ƙafarta maganarta ta koma kan yarjejeniyarku da direban da wanda ya ɗauke shi aiki, shi ya sa na fi son dila ya zaɓi direba da kansa, ya biya shi da kansa.

Idan kai ma ɗan kasuwar mota ne, ka sayo don ka sayar, dokar ciniki tsakanin 'yan kasuwa ta ba ka wata ɗaya ka faɗi lahanin da ke bayyane, ɓoyayye kuma shekara ɗaya daga ranar da aka gano shi. Wanda ya saya don hawan kansa, dokar farar hula ce ke kare shi a kan ɓoyayyen aibi: yana iya mayar da abu a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi, amma sai ya tashi da wuri. Najeriya ba ta cikin OHADA, don haka wanda ya ɗauko ta Kano ko Katsina ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, kada ya dogara da waɗannan kwanakin. Abin da suka rubuta da mutanen da suka tsaya masa su ne jarinsa.

Kada ka gyara tukuna. Wannan shi ne kuskurena na biyu. Kunya ta hana ni fita da mota a lotse, na kai aka buge ƙofar cikin kwana biyu, na share shaidata da hannuna. Idan dole ne a yi gyara, a ɗauki hoto kafin a fara da lokacin da aka kwance, a ajiye tsofaffin kayan a buhu, a karɓi rasit. Ka nemi kiyasi a rubuce daga gareji biyu, don dila zai ce bakanikenka ya ƙara kuɗi. Kuma kada ka sa rai da asirans (inshora) ɗin hanya da aka yanka wa motar. Yawanci na ɓarnar da ta yi wa wani ne, ba na jikinta ba. Ka karanta takardar dai ka tabbatar.

Zaman sulhu

Yawancin irin wannan rigima ba ta kaiwa kotu, kuma gara haka. Ka shiga magana da abu ɗaya da kake nema, da adadinsa. Wanda ya ce "ni dai a yi mini adalci" zai tashi da "sai haƙuri". Ka raba lissafin gida biyu: abin da ya faru a hanya, da abin da aka ɓoye tun parki. Na farko ana iya raba shi tsakanin dila da direba, kai ma ka ɗauki ɗan wani abu idan ƙaddarar hanya ce, kamar tsakuwar da ta tsaga gilashi. Na biyu ba a raba shi. Wanda ya san aibi ya rufe shi da mastik ya yi algus, kuma a fiƙihun da malamanmu ke karantarwa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba. Idan dilan Musulmi ne, wannan maganar daga bakin malami ko dattijo ta fi shiga kunnensa a kan lambar doka.

Ka bi ta mutane. Ɗan tsakiyar da ya haɗa ku yana da gida a nan, yana da uba ko yaya ko maigida. Ka je da girmamawa, ba da faɗa ba: "Baba, na zo ne a kan maganar da ke tsakanina da ɗanku, ga abin da ya faru, ga hotuna." Dilan can kuma yana da sauran abokan ciniki a Maraɗi waɗanda ba ya son ya rasa. Babban ɗan kasuwa ɗaya da ke ɗaukar mota biyar a wurinsa duk wata, idan ya kira ya ce "a gyara maganar yaron nan", ya fi takarda goma. Shugabannin masu sayar da motoci da mai unguwa su ma suna zaunar da mutane.

Tayin da za ka yi hattara da shi shi ne "zan rage maka a mota ta gaba". Wannan igiya ce, ba biya ba. Haka ma "zan aiko maka da ƙofa": ka yarda idan an sa rana, an kuma faɗi wanda zai biya kuɗin kawowa da fenti.

Ka riƙe yatsanka daga Facebook. Zuciya za ta ce ka sa hotonsa ka rubuta ɓarawo. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma a 2024 an dawo da ɗauri a kanta. Sai mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma.

Idan sulhu ya ƙi

Mataki na gaba takardar gargaɗi ce ta hannun wisiye ko lauya, mai ba da wa'adi. Wasu dilolin daga nan suke saukowa. Bayan ita sai kotu, kuma a nan ka yi lissafi da idon basira. A bisa ƙa'ida ana kai mutum ƙara ne inda yake zaune. Idan wanda ka yi ciniki da shi, ya karɓi kuɗinka, ɗan Maraɗi ne, babbar kotun nan ta isa. Idan kai tsaye ka yi da na Lome ko Kwatano, ka shirya wa lauya a can, da tafiye-tafiye, da jira. A kan gyaran jaka ɗari biyu wannan ba ya biyan kansa. A kan motar da shasinta ya karye ko aka musanya ta, yana biya. Ka fara zama da lauya sau ɗaya da duk takardunka kafin ka yanke.

Komisariya da jandarma kuwa ba wurin karɓar kuɗin fenti ba ne. Wurinsu shi ne inda akwai laifi: an karɓi kuɗi babu mota, an kawo wata daban, an yi takardun jabu, an kwashe kaya a hanya. Idan ka kai ƙarar ɗan tsakiya a kan abin da bai kai haka ba, za ka ɓata zumunci, kuma ka rufe ƙofar sulhun da ita ce mafi kusa.

Duk yadda aka daidaita, a rubuta shi: nawa, yaushe, ta wace hanya, da shaidu biyu. Kada ka sa hannu a kan cewa magana ta ƙare sai kuɗi sun shigo hannu. Ni a kan Corollar, bayan wata biyu da zama uku a shagon yayan ɗan tsakiyar, an ce a raba kuɗin ƙofar biyu tunda na sa hannu da dare kuma na riga na gyara, ɗigon man kuma aka bar mini shi. Rabin ma a kashi biyu ya zo, na ƙarshen sai bayan sallar layya. Ƙofar tana nan har yau, idan rana ta haska ta da hantsi ana ganin ta fi sauran duhu.